Ni da tsohon kan jirgi: yadda koyon tashi ba fizga yake tafiya

Asabar, 9 ga Maris 2024

To jama'a yau dai an fara. Shekara uku ke nan ina zuwa wannan ɗan layin dogo namu na 'yan sa-kai a arewacin Ingila, kusan duk Asabar in dai aiki bai riƙe ni ba. Da tsumma na fara, goge baƙin mai a ɗakin injin da wanke gilasai, daga baya aka gwada ni na zama mataimakin direba, wato mai zama a kujerar dama yana taya duba sigina, shi ne kuma mai sauka ya shiga tsakanin kan jirgi da tarago ya ƙulla ko ya kwance. Yau da safe malamina ya nuna mini kujerar hagu ya ce daga yau nan ne wurinka. Wallahi sai da tafin hannuna ya jiƙe duk da sanyin da ake zabgawa.

Ga wanda bai san irin waɗannan layuka ba, da yawansu tsofaffin layuka ne da aka rufe a shekarun 1960, musamman bayan rahoton Beeching na 1963 da ya ba da shawarar rufe layuka da yawa, sai masu son jirgi suka haɗa kuɗi da ƙarfi suka farfaɗo da guntayensu suna ɗaukar fasinja da tsofaffin jirage. Ba a wuce gudun mil 25 a awa, kusan kilomita 40 ke nan, saboda haka ba gudu ake koya a nan ba.

Kan jirgin da zan koya da shi Class 37 ne, ƙirar kamfanin English Electric. Guda 309 aka ƙera tsakanin 1960 da 1965, mafi yawa a masana'antar Vulcan Foundry da ke Newton-le-Willows. Injinsa silinda 12 ne mai ƙarfin doki 1,750, nauyin kan jirgin ya ɗan haura tan 100, kuma masu son jirgi a nan tarakta suke ce masa saboda rurin da yake yi. Ya kai shekara sittin a duniya, ya girme ni nesa ba kusa ba.

Malamina dattijo ne da ya yi tuƙi tun zamanin British Rail, wato tsohuwar hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati, har ya yi ritaya. Abin da ya gindaya mini ɗaya ne, kafin jiragen ƙarshen shekara in iya tayar da tarago shida daga kowace tasha tamu, har da wadda take kan hawa, ta yadda fasinja zai fara ganin dakalin tasha yana ja da baya kafin jikinsa ya gaya masa an tashi. Shi ne aikin da zan riƙa rubutawa a nan.

Asabar, 23 ga Maris

Azumi a baki, sanyi a jiki. Kan jirgi kaɗai muka fito da shi cikin yadi, wato filin da ake ajiye jirage, ba tarago.

Tayar da injin da safe kansa wani abin kallo ne. Sai an fara tura baƙin mai ya zaga ko'ina tukun, sannan batir ya juya babban janareta, janaretan ya juya injin, sai ka ji silinda ɗaya ta kama, wata ta biyo, farin hayaƙi ya turnuƙe yadin har ba ka ganin ɗakin sigina, injin yana tari yana tari har duka sha biyun su daidaita. Daga nan a jira iska ta taru a tanki, a gwada birki, a gwada fedar tsaro, wadda in direba ya ɗaga ƙafa daga kanta na 'yan daƙiƙu jirgin da kansa zai yanke wuta ya kama birki.

Abin da na fara ganewa yau shi ne duk abin da na sani na mota ba shi da amfani a nan. Ba giya, ba kuloci. Injin ba ya taɓa ƙafafun jirgin ko kaɗan, aikinsa juya janareta, wutar da janareta ya bayar ita ke zuwa ga motoci shida na lantarki da ke ƙasa, kowacce tana juya ƙafa biyu. Hannun totur ɗin kuma in ka ja shi ba nan take ake amsa maka ba. Za ka ji wani ƙwas a bayanka, wato wuta ta haɗu, sai shiru, sai allurar mitar wuta ta fara ɗagowa a hankali saboda akwai na'urar da ke daidaita lodi tana ƙara wa janareta ƙarfi kaɗan-kaɗan, turbo ɗin ma sai hayaƙi ya ƙaru sannan su ɗauka. To a wannan shirun ne mutum yake ɓata abu. Na ja, na ji ba komai, na ƙara, na ji ba komai, na sake ƙarawa, kawai sai duk abin da na nema sau uku ya iso lokaci guda, kan jirgin ya zabura har jakar malam ta faɗo daga inda ya rataye ta.

Bai yi faɗa ba. Ya ciro farin salatif ya yanki ɗan guntu ya manna a gilashin mitar wuta, ya ce kada allura ta wuce nan sai ƙafafu sun fara juyawa, kuma in ka motsa hannu sau ɗaya ka ɗauke shi ka ɗora a cinya har sai injin ya ba ka amsa. Sau goma sha huɗu muka yi gaba da baya a yadin.

Asabar, 20 ga Afrilu

Karon farko da tarago a bayana, guda shida, ba fasinja. Taragun Mark 1 ne, irin waɗanda aka fara ƙerawa a 1951, kowanne wajen tan 35, masu ƙofofin da ake bugawa da hannu.

Birkinsu na bakyum ne, kuma dole in ɗan tsaya a kansa don nan ne duk matsalata take. Bututu ɗaya ne ya taso daga kan jirgi har tarago na ƙarshe, tiyo yana haɗa tarago da tarago. A kan jirgi akwai injin zuƙa da ke tsotse iskar cikin bututun. In ya tsotse har allura ta kai inci 21, birki ya saki. In kana son kama birki sai ka buɗe wa iskar waje hanya ta shiga bututun, ta tura fistin da ke cikin tukunyar ƙarƙashin kowane tarago, ƙarafan birki su matse ƙafa. Hikimar ita ce in jirgi ya tsinke a hanya tiyo ya rabu, iska za ta shiga da kanta, duka ɓangarorin biyu su tsaya ba sai kowa ya taɓa komai ba.

Na yi duk abin da aka koya mini. Na saki birkin taragu, na zuba wa allura ido har ta hau 21, na ja totur sau ɗaya na ɗora hannu a cinya, allurar wuta ba ta wuce salatif ba, kan jirgi ya motsa lafiya lau, a raina har na ce Alhamdulillahi. Kafin mu yi nisan tarago ɗaya sai na ji an ja mu baya, sannan an turo mu gaba, gau, kamar wani ya daki kujerata. Da muka isa tasha ta gaba gad ɗinmu, wato mai kula da jirgi daga taragon baya da ke ba direba izinin tashi, wata dattijuwa mai kirki, ta tako tun daga baya ta ce ta bugu da kafaɗa a jikin bango. Na ba ta haƙuri. Abin ya tsaya mini a rai har gida, don ban ga inda na yi kuskure ba, malam kuma cewa ya yi in je in yi tunani, sati mai zuwa in ba shi amsa.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Na kira Baba a Zariya bayan la'asar ɗinsu. Shi tsohon ma'aikacin reluwe ne, gad, ya yi shekaru yana bin jirgin da ke zuwa Ƙaura Namoda ta Funtuwa da Gusau, kuma tsohon layin dogonmu na gida, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, da irin wannan birkin bakyum ɗin aka san shi. Har kan jirgin English Electric ma ya taɓa gani da idonsa, don kamfanin ya kai guda goma Najeriya a 1955, ƙanana dai ba su kai wannan nawa ƙarfi ba.

Bayan gaisuwa na ce, Baba ku da kuka daɗe a taragon baya, me ke sa jirgi ya tashi lafiya a gaba amma ya fizgi na baya? Na kwashe duk yadda aka yi na gaya masa.

Ya ce, allurar da ka kalla ta ina ce? Na ce ta gabana. Ya ce to ai ita labarin bututun da ke kusa da kai take ba ka. Iskar da ke taragon ƙarshe sai ta bi duk tsawon jirgi kafin ta fita, kai kana ganin 21 mu a baya tamu allurar tana can tana rarrafe, ƙarfen birki bai gama sakin ƙafa ba. Ka ja, na gaba suka bi ka, ƙugiyoyi suka miƙe suka ɗaure kamar igiyar guga, na baya yana turjewa, da birkinsa ya saki sai ya taho da gudu ya cim ma 'yan'uwansa. Ya ce a zamaninsu tun daga tashin farko yake gane wane direba ne a gaba ko bai gan shi ba, akwai wanda in shi ne za ka iya zuba ruwa a buta kana tsaye, akwai wanda sai ka riƙe ƙarfe. Sannan ya ce, ɗana, jirgi daga baya yake tashi, kai dai kana gaba ne kawai.

Na daɗe riƙe da waya bayan mun yi sallama. Tun ina yaro nake jin labaran taragon baya a bakinsa, ban taɓa zaton wata rana su ne za su warware mini matsala a ƙasar wasu ba.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na kai wa malam amsa. Ya gyaɗa kai ya tambaye ni wa ya gaya maka, na ce mahaifina, gad ne. Ya ce shi ya sa.

Asabar, 18 ga Mayu

Yau ban yi tuƙi ba sam, ni na roƙa. Na ce a bar ni in yini a baya.

Da safe kafin jirgin farko na durƙusa a gefen tarago na shida, gwiwa a kan tsakuwa, waya a kunne, wani abokin aiki yana gaba yana gaya mini lokacin da allurarsu ta kai 21. Ya ce ta kai. Ni kuma ina kallon ƙarfen birki manne da ƙafa kamar an liƙa shi, tsatsa ja a gefensa, ba alamar motsi. Na fara ƙirge a zuci. Sai can na ji tukunyar tana wani ɗan nishi, sandar fistin ta fara sauka a hankali, ƙarfen ya ɗan ja baya har na ga siririn haske tsakaninsa da ƙafar, na sa yatsa na taɓa shi ya yi lilo. Na kai goma sha biyu a ƙirgena. Mun maimaita sau uku, bai taɓa yin ƙasa da goma ba. Daƙiƙa goma ba komai ba ce a baki, amma ga wanda ke zaune a gaba an ɗaga masa koren tuta an busa usur, mutane a dakali suna kallonsa, ji yake kamar an shekara.

A nan kuma muka gano tarago na huɗu yana da tukunya ɗaya mai nauyin saki, takan riƙe bayan sauran sun saki. Akwai farin tauraro da ake zanawa a gefen ƙasan tarago, a daidai nan igiyar sakin tukunyar take, in ka ja ta iska ta daidaita birkin ya saki. Mun ja, mun rubuta wa masu gyaran taragu.

Sauran yinin a ɗakin gad na yi shi, ina kallon tata allurar, ina jin yadda tashin kowane direba yake isowa baya. Gaskiyar Baba ce, hannu hannu ne. Akwai wani direba da ya tashe mu daga tashar tsakiya, wallahi ina kallon shingen tasha ne kawai na ga ya fara wucewa.

Dabarar da na ɗauka: in an kusa tashi, in riƙe jirgin da birkin kan jirgi kaɗai, wanda na iska ne mai zaman kansa, in saki na taragu tun ana rufe ƙofofi, ta yadda kafin tuta ta ɗagu na baya ya riga ya saki. A tasha mai shimfiɗe wannan ya wadatar.

Asabar, 8 ga Yuni

Tashi shida yau, huɗu sun yi kyau, biyu da ɗan ƙwas a farko. Malam ya sa na sauka na duba ƙullin da ke tsakanin kan jirgi da tarago na farko. Su taragun a junansu ƙugiyarsu irin mai kama da hannu biyu da suka sarƙe ce, ba ta da sako-sako sosai, amma tsakaninmu da na farko ƙugiya mai murɗi ce, kuma wanda ya ƙulla bai murɗa ta ta ɗaure ba, har ana ganin rata tsakanin bafofi, wato ƙarafa masu sifirin da ke tare karo tsakanin kan jirgi da tarago. Na ƙara murɗawa har suka haɗu suka ɗan matsu. Ƙwas ɗin ya ɓace. Shekara biyu ina wannan ƙullin a matsayin mataimaki, sai yau na san abin da ratar yatsa biyu take yi wa wanda ke kujerar hagu.

Asabar, 13 ga Yuli

Fasinja na gaske yau, jirgi cike, yara da kakanninsu, ga taragon shayi a tsakiya. Malam yana tsaye a bayana bai ce uffan ba sai da muka je ƙarshen layi muka dawo.

Abin da ya fito yau ban zata ba, ashe tsayuwa ita ke haifar da tashi. In na shigo tasha da sauri na danne birki har jirgin ya tsaya cak, taragun sukan taru su matse juna, duk sifirin ɗin bafa da na ƙugiya a danne, to in na zo tashi sai na warware wannan matsin ɗaya bayan ɗaya kafin na ƙarshe ya san ana tafiya, kuma kowane warwarewa ɗan bugu ne. Amma in na kama birki da wuri, na rage gudu tun daga nesa, sannan na fara saki ana saura 'yan taku a tsaya, allura tana hawa jirgin yana tsayawa, sai ya zauna a miƙe ba matsi, fasinja ba su yi gaba ba su dawo, kuma birkin baya ya riga ya yi rabin hanyar saki. Tashin da ya biyo bayan irin wannan tsayuwar kusan da kansa yake zuwa.

Haka ma rufe totur. Ba a mayar da shi gaba ɗaya farat ɗaya, sai ka sassauto ka bar allurar wuta ta sauko ƙasa sannan ka rufe, in ba haka ba jan da ake yi wa taragu zai yanke kwatsam su taho su same ka, kuma wutar da ke tartsatsi a maɓallan ciki tana cinye su, kayan da yanzu samunsu sai an sha wuya.

Matar da ke sayar da shayi ta ce mini tashi biyu na ƙarshe ba ta riƙe butarta ba. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai.

Asabar, 17 ga Agusta

Ranar da ba ta yi daɗi ba. Tashar hawa.

Tashar tana kan hawan 1 cikin 60, wato duk mita 60 layin ya ɗaga mita 1. A ido kamar ba komai, amma lissafa: tarago shida wajen tan 210, kan jirgi sama da 100, jimla ta haura tan 310, raba da 60, ka ga nauyin da ya fi tan 5 ke nan yana jan ka baya tun kafin ka motsa. A nan ba ka da damar sakin birki ka jira, dole ka riƙe da birkin kan jirgi, ka ba da wuta jirgin yana tsaye, ka bar allura ta hau har ka ji kan jirgin ya jingina gaba yana neman tafiya, sannan ka riƙa sakin birkin kaɗan-kaɗan, hannu ɗaya yana bayarwa ɗaya yana karɓa.

Ni kuma tsoron fizga ya riga ya zauna mini, salatif ɗin nan na Maris yana idona. Na ba da wuta kaɗan irin ta shimfiɗaɗɗiyar tasha, na saki birki. Sai na ga fitilar dakali tana tafiya gaba maimakon baya. Mun koma baya, bai kai mita ɗaya ba amma mun koma, kuma akwai mutane a dakali. Malam ya miƙo hannu ya kama birki kafin ni. Muka tsaya, na sake daga farko, wannan karon da wuta sosai, muka tashi da ɗan gurnani amma lafiya.

A ƙarshen layi ya zauna da ni. Ya ce komawa baya ta fi fizga haɗari nesa, don wani zai iya kasancewa yana rufe ƙofa ko yana miƙa yaro, kuma in ka tura wa motocin nan shida wuta alhali suna juyawa baya kana wahalar da su. Ya ce kuma kishiyar hakan ma laifi ce, ka tara wuta mai yawa ka riƙe jirgi a tsaye ya daɗe, motocin zafi suke yi tunda ba sa juyawa. Ya sa hannu ya ɓanɓare salatif ɗin ya jefa a aljihu, ya ce ya gama aikinsa, yanzu nauyin jirgi da hawa ne za su gaya maka inda allura za ta tsaya. An rubuta abin da ya faru a littafin rahoto kamar yadda doka ta ce, ni na rubuta da hannuna.

Ban kira Baba ba ranar. Sai Talata na gaya masa. Ya yi shiru sannan ya ce, an ji ciwo? Na ce a'a. Ya ce to ka gode wa Allah, ka koma.

Asabar, 7 ga Satumba

Ba tuƙi. Injin zuƙa ɗaya ya fara ƙara, an tsayar da kan jirgin. Yini muka yi muna kwance shi mu huɗu, na koma gida da baƙin mai har gwiwar hannu. Sati uku aƙalla.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ya dawo aiki, kuma allurar bakyum tana hawa da sauri fiye da da, har sai da na sake ƙirgena na baya. Malam ya nemi a ba mu layi da yamma bayan jirgin ƙarshe, taragu ba kowa, muka je tashar hawa muka tashi sau tara a jere. Tashi, tsaya, koma, tashi. A na biyar na fara jin abin da yake nufi da jingina, ba a mita ake ganinsa ba, a kujera ake jinsa, gaban kan jirgin yakan ɗan ɗaga, ƙarar injin ta yi nauyi, ƙarafan birki su fara wani ƙiii ƙasa-ƙasa, to a daidai nan ne. Na shida zuwa na tara ko taku ɗaya ba mu koma baya ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Kaka ta shigo, ganye ya zuba, ga yayyafi tun asuba. Wanda bai sani ba zai ce ganye kuma me zai yi wa tan 300? Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, inda suke haɗuwa bai fi faɗin ɗan ƙaramin kwabo ba, in jirage suka bi ta kan jiƙaƙƙen ganye sukan niƙe shi ya zama wani baƙin shafi mai tauri a saman dogo, na sa farce na kankare shi yau, santsi kamar sabulu. Tashar hawa kuma bishiyoyi ne suka rufe ta ta ko'ina.

Da safe mun cika akwatunan yashi, busasshe ƙarau, don in da danshi toshe bututun yake yi, na durƙusa na tabbatar yana zubowa a gaban ƙafa ta kowane gefe.

Tashin farko a hawan ƙafafu suka kufce. Fitilar gargaɗi ta kama, allurar wuta ta faɗo tana rawa, ƙasa tana wani kuka, jikin kan jirgin yana karkarwa. Zuciya cewa take ƙara wuta tunda ba a tafiya, kuma shi ne babban kuskure, ƙafar da ke juyawa a wuri ɗaya ƙona dogo take yi ta bar masa tabo, in kuma ta kama kwatsam da wuta mai yawa fizgar da za a yi sai ta fi duk na baya. Na sassauto da totur har kukan ya tsaya, na saki yashi, na jira, na ƙara kaɗan, na jira. Ta kama. Muka fita daga tashar da tafiyar da mai ƙafa zai iya wuce mu, na fi minti ɗaya ban ƙara komai ba sai da mataimakina ya leƙa ya ce taragon ƙarshe ya bar dakali. A zagaye na biyu tun kafin in saki birki na zuba yashi, ba ta kufce ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Tashi takwas, biyu a tashar hawa. Na roƙi gad ta riƙa rubuta mini kowanne yadda ya iso mata, ba tare da ta ji tausayina ba. Da yamma ta miƙo mini takardar, bakwai ta sa musu alamar lafiya, ɗaya ta rubuta ɗan ja kaɗan, na tashar tsakiya da rana, kuma na san dalili, an yi jinkirin rufe wata ƙofa na kama birkin taragu na sake saki, da tuta ta ɗagu ban ba na baya lokacinsa ba, na ƙirga shida na ja.

Na ɗauki hoton takardar na tura wa ƙanwata ta nuna wa Baba. Ya aiko da saƙon murya yana tambaya wace ce gad ɗin, ya ce in gaishe ta, in ce mata wani tsohon abokin aikinta a Zariya yana gaisuwa. Na isar, har ta sa na sake kunna mata muryar duk da ba ta jin Hausa.

Abin da ya rage: ban taɓa tashi da tarago bakwai ba, kuma jiragen Disamba bakwai ne, cike, cikin duhu da sanyi. Malam ya sa mu a jadawalin 23 ga wata da taragu bakwai ba fasinja, za mu fara da ƙirgen birkin baya daga farko tunda tsawon ya ƙaru, sannan tashar hawa sau biyar. In wannan ya yi kyau zai rubuta wa mai gwajin direbobi ya sa mini rana. Kafin nan akwai littafin dokoki da zan sake bi, musamman babin abin da direba zai yi in jirgi ya tsaya a tsakiyar layi ya kasa tashi.